Ramin da Na Sa Aka Haƙa wa Inna

Shekarar da korona ta rufe gari ni direba ne a gidan wani dattijo a unguwar Madinat Khalifa ta Arewa a birnin Doha, direban da ba shi da inda za shi. Motoci uku ne a gidan. Kullum da safe in wanke su, in tayar da su su ɗan yi ɗumi, in kashe, in koma in zauna. Titin ƙofar gida, wanda a da sai ka leƙa hagu ka leƙa dama kafin ka sako kan mota, ya zama na maguna. Ladanin unguwa yana kiran salla a kan lokaci, sai dai a ƙarshe ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa, kuma duk sanda na ji haka sai in ji kamar ban gama farkawa ba. Ranaku suka cakuɗe. In tambayi kukun gidan yau wace rana ce, shi ma ya tsaya yana tunani.

Gidan yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, su suna ce masa sirdab. Can ake jibge tsofaffin dardumai da tantunan da suke fita da su sahara lokacin sanyi. Ƙasar Doha kuwa, in ka haƙa ta kaɗan ruwan gishiri ne yake jiranka, don haka akwai wani ɗan inji a kusurwa da ke zuƙe ruwan da ya tsattsafo ya watsar waje. Maigida ya ɗora mini duba injin nan sau ɗaya a rana. Aikin minti biyar ne, ni kuwa na mai da shi na yini. Bayan azahar sai in sauka, in warware darduma ɗaya, in miƙe. Babu taga, babu agogo. Wata rana iskar arewa ta taso a waje har tana kwantar da dabinai, ni ko motsi ban ji ba a ƙasa, sai da na fito da la'asar na tarar da kujerun roba a kife da ganye ko'ina a tsakar gida.

Ana cikin haka damina ta kawo kai a gida. Garinmu yana can bayan Kazaure, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai, iska yake turowa gaba. Ƙanwata ce ta kira ni, ita take zaune da Inna tun rasuwar mijinta, ita da 'ya'yanta biyu. Ta fara da cewa kada hankalina ya tashi, ka ga kuwa ta riga ta tayar da shi. Wai da la'asar gabas ta yi baƙi, kafin su kwashe shanya iska ta iso. Ta ɗaga rufin ɗakin Inna gaba ɗaya, kwano da katako, ta wuce da shi. Bulon da aka ɗora a kan kwanon don ya danne shi, shi ne ya faɗo ciki, ya sauka a kan gado daidai inda Inna take zama. Ta tashi ke nan za ta rufe taga. Gefensa kawai ya goge ta a kafaɗa.

Ƙanwata ta turo mini bidiyo. Ɗakin da aka haife ni a cikinsa, ga sama a buɗe, gajimare yana wucewa ta kan gadon Inna. Kwanukanta na jere suna nan a jikin bango, ko ɗaya bai motsa ba. Rufin kuwa sai washegari aka gano shi a gonar wani, ya naɗe a jikin gawo.

Inna ta haura saba'in, gwiwoyinta sun gaji, daga ɗaki zuwa madafa sai ta huta a hanya. Ni kaɗai ne ɗa namiji da ya rage mata. Jirgi ba ya tashi, ko ka samu ka fita dawowa aiki ce. Ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya kama ni. Ina tsoron wata daminar iska ta dawo ta same ta a zaune, ni kuma ina nan ina wanke motar da ba ta zuwa ko'ina. Da na yi magana da ita sai ta ce ai ba komai, kwana bai ƙare ba, in je in ci abinci. Wannan ba komai ɗin nata ya ƙona mini rai.

A sirdab dabarar ta zo mini. Ina kwance ina kallon rufi, injin ya kunna kansa ya yi gurnani ya mutu, sai na ji a raina cewa da Inna tana cikin irin wannan ɗaki, ai ko sama za ta faɗo ba ruwanta. Na tashi zaune na laluɓo waya.

Akwai wani injiniya, mutumin Zariya, da ke zaune a unguwar Al Mirqab. Kafin kulle duk Juma'a muna haɗuwa a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh inda mutanenmu suke taruwa a ci tuwo da miyar kuka, likita da mai gadi kwano ɗaya. Na kira shi na zayyana masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce mutumin da ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba shi ne zai fara da ginin ƙarƙashin ƙasa. Na ce ranka ya daɗe, in dariya ce ka gama, ina jira. Da ya ji labarin bulon sai ya daina dariya. Ya ce a ƙasar da ya yi karatu akwai yankin da guguwa take ɗaukar gida sukutum, kuma haka mutanen can suke yi, kowane gida da ɗan raminsa.

Shi ma kullen ya ishe shi, sai ya ɗauki abin da gaske. Ya ce a nesanta shi da bishiya da katanga. Bakinsa ya ɗago sama da tsakar gida, in ba haka ba ruwan sama zai mai da shi rijiya. Ƙofa ta buɗe ta ciki, don in wani abu ya faɗo ya tare ta a iya fitowa. Bututun shan iska biyu, rufi na kankare da rodi, kuma kada in yarda magini ya cika yashi. Ni nawa tunanin duk yana kan gwiwar Inna, matakala gajeru da ƙarfen dafawa. Ni ne kuma na ce a yi dakali biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, mai tsawon da mutum zai iya miƙewa, a bar 'yar hanya a tsakiya. Injiniya ya ce madalla, hakan ma zai rage haƙa. Ya zana a takarda ya turo, na kwafe a bayan kwalin dabino.

Watannin nan ban san yadda suka wuce ba. Zafi ya sauko, irin na Doha da ke jiƙa maka riga kafin ka kai ƙofa, ni kuma ina ƙasa ina auna sirdab da tafin ƙafa. Nan matakala, nan dakali, nan Inna. Na shiga ramin nan na fita ya fi sau dubu tun ba a sari ƙasa ba. In na rufe ido sai in gan ta zaune da carbinta, jikoki sun kewaye ta, a sama duniya tana ta kiciniya, kwanukan rufi suna shawagi kamar shanyar da aka manta, ita kuwa ko ɗankwalinta bai motsa ba. Wani lokaci har ƙanshin ƙasar garinmu nake ji a tsakanin darduman Larabawa.

Laifina na farko, ban gaya mata gaskiya duka ba. Cewa na yi zan yi mata ɗan ɗaki mai sanyi a tsakar gida, wanda iska ba ta iya masa. Ta sa mini albarka. Ban ce a ƙasa ba ne, don na san halin kayana, so nake ta gan shi a game, da fenti da fitila.

Aka jira kaka ta wuce, ƙasa ta bushe. A garinmu mutum ɗaya ne in ya haƙa rami bangonsa yake fita samɓal, wani dattijo da muke ce wa Baba mai rijiya. Ni a kaina mai rijiya ne, haka na san shi tun ina yaro. Zaman nesa ya mantar da ni cewa duk wanda ya rasu a garin nan shi yake haƙa masa makwanci. Ƙanwata ta nuna masa zanen a waya, ya ce ya gane. Ba ya aiki da igiyar awo, sai ya sa ta faɗa masa tsawo da faɗi, ya yanki karan dawa daidai. Ran da za a fara, da sassafe, ya ratsa gari da diga a kafaɗa, da shebur, da dogon kara a hannu, mutanensa biyu na biye, suka shiga gidanmu. A wajenmu kuwa da kara ake auna mamaci kafin a haƙa masa.

Ni ina nan da hantsi ina wanke babbar motar, waya ta yi ƙara. Wani abokina ne da muka yi firamare tare, rabona da shi an daɗe. Muka gaisa, muryarsa a ƙasa, sai ya ce, “Ya haƙuri? Ashe Inna lokaci ya yi. Allah ya sa ta huta.”

Na amsa da amin. Wallahi na amsa, bakina ne ya yi aikinsa ba tare da ni ba. Tiyo ya suɓuce daga hannuna, ruwa ya bi daɓe ya nufi ƙofa, na tsaya ina kallonsa yana tafiya. Abin da na tuna shi ne hasken ranar ya yi fari fat, kuma wata kurciya tana kuka a kan katanga, kukan nan dai irin na gida. Na kira ƙanwata sau huɗu ba ta ɗauka ba. A na biyar ta ɗauka, bayanta hayaniyar mata, a cikin hayaniyar kuwa murya ɗaya ta fi kowacce ƙarfi, tana tambayar uban wa ya ce ta mutu.

Ashe gari ya ga Baba da kara ya shiga gidan da ke da tsohuwa, kowa ya yanke hukunci. Mata suka yafo mayafai, maza suka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu salati suka shiga suka tarar da mamaciyar a bakin murhu tana dama koko. Na zauna a jiƙaƙƙen daɓe ina dariya ina hawaye, har kuku ya leƙo ya ga ko na zautu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kwana uku da fara aiki ƙanwata ta turo mini hoton ramin, ba ta rubuta komai a ƙasansa ba. Ban gaya wa Baba inda zai fuskantar da shi ba, don ban ga abin faɗa a nan ba, hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba, ya miƙar da shi kudu da arewa. Dakalan nan nawa biyu, ƙasar ya bari a tsaye hagu da dama, ya zurfafa tsakiya siririya. Ga jar ƙasa an tara a gefe. Kabari ne sak, sai dai babba. Na sha ɗaukar gawa, na sha tsayawa a bakin kabari ina miƙa itace, amma wata shida ina kallon zanen nan a kwali ban gani ba. Na tura wa Injiniya, ya kira ya ce shi ma wallahi bai lura ba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta a wajenmu, don haka na ɗan sa rai Inna ba za ta gane ba. Ashe ta taɓa gani sau ɗaya. Ɗanta na fari, wanda ya riga ni, bai yi arba'in ba ya koma, a bayan gida aka binne shi, ita kuma ta leƙa ta jikin zana. Ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar, daga bakin ƙanwata. Inna ba ta kiran sunana, sunan surukinta aka sa mini, don haka da ta karɓi wayar cewa ta yi, “Ɗan nan, me na tare maka da ka aiko a tona mini kabari a ƙofar ɗakina?”

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na kawo iska, na kawo bulo, na kawo mutanen wata ƙasa da ke da irinsa a gidajensu. Ta saurara har na gama, ta ce ita rami sau ɗaya za ta shiga, kuma ba da ƙafarta ba.

To ni ma ɗanta ne, taurin kan ba a hanya na tsince shi ba. Na ce a ci gaba. Aka faɗaɗa tsakiyar, aka ja bulo, aka zuba kankare, aka shafa farin fenti, aka sa fitila mai aiki da hasken rana. Ya yi kyau, har Injiniya ya yaba. Inna ta sa aka kafa zana tsakanin ƙofarta da shi don kada ta buɗe ido da safe ta gan shi. In za ta ambace shi sai ta ce ramin ɗan nan.

Damina ta zagayo, iskar ta dawo. Ƙanwata ta kwashi yara ta sauka. Maƙwabtan da suka fi kowa yi mini dariya suka yo gudu da nasu 'ya'yan, har da mai jego, wuri ya cika maƙil. Kowa ya shiga ban da wadda aka haƙa dominta. Inna ta zauna a ɗakinta a ƙarƙashin sabon kwano tana jan carbi. Ƙanwata ta roƙe ta har da durƙuso, ta yi kunnen uwar shegu, dole ta bar yaran a ƙasa ta hau ta zauna da ita, su biyu suna jin kwano yana numfashi a kansu. Allah ya sa rufin bai tashi ba, na maƙwabta biyu ne suka tashi.

Da na ji, zuciya ta ɗebe ni. Na kira na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce in ita ba ta damu da ranta ba, ta tausaya wa yarinyar da ta bar 'ya'yanta ta zo ta mutu tare da ita. Na ce tunda maganata ba ta da daraja, ba zan ƙara kira ba. Ta ce Allah ya tsare, ta miƙa wa ƙanwata wayar. Na yi wata guda da 'yan kwanaki ban kira ba, ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Har yau in na tuna kunya nake ji. Ran babbar salla na kira na yi mata barka, ta tambaye ni ko na samu nama, shi ke nan. Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

A nan kuma gari ya buɗe a hankali, sannan ya buɗe da gudu. Aka cire takunkumi, sahun salla ya dawo kafaɗa da kafaɗa, ko'ina ka juya ana fasa titi ana rataye tutoci saboda gasar kofin duniya. Hutuna ya yi ta matsawa. Da fari maganar killacewa ce, sannan maigida ya kwanta ciwo ni nake kai shi asibiti, sannan aka ce bayan kofi in sha Allah, khalas, wato magana ta ƙare. Gaskiya ni ma ban matsa ba. Na gaya wa kaina ai na yi abin da ɗa zai yi, ga kankare ga rodi, ita ce ta ƙi. Wata daminar ta zo ta wuce da sauƙi. Shekara huɗu ke nan ban taka garinmu ba.

Da aka fara gasar, Doha ta zama irin garin da ake gani a cikin zazzaɓi. Lungunan Al Asmakh da na sani da tsofaffi masu shan shayi, sai ga mutane da fenti a fuska suna kaɗa ganguna, Turawa sun ɗora rawanin Larabawa a karkace, kowa yana waƙa da harshen da ba ka taɓa ji ba. Gidanmu ya cika da baƙi, ni da mota ba hutu.

Wata rana ana tsakiyar gasar gari ya tashi da hadari, abin da ba a cika gani ba. Na ajiye baƙi a wani kanti a Al Mirqab bayan la'asar, ina jiransu a mota, yayyafi yana sauka a gilashi. Sai ga saƙon Injiniya, bidiyo ne, ya rubuta wai ga iskar tawa ta biyo ni har nan. Can arewacin ƙasar aka ɗauka. Wani siririn abu ne toka-toka ya sauko daga gajimare ya taɓa sahara, yana tafiya a hankali yana lanƙwasa, babu gida babu bishiya, babu abin da zai ɗauka. Na kalla sau uku. Sai kawai na ji ina son jin muryar Inna.

Ƙanwata ta ɗauka ta ce bari ta kai mata. Na ji takunta, na ji ƙarar ƙofar ƙarfe, sannan takun ya canza ya zama na mai sauka. Da Inna ta yi sallama muryarta ta zo da wani amo, kamar mai magana a cikin tulu. Na ce, “Inna, ina kike?”

Ta ce a ramin nan nawa mana, ina kuwa. Wai kazarta ce ta ɓace bayan kaka, aka neme ta aka rasa, ashe ta samu ƙofa a buɗe ta sauka ta yi ƙwai a ƙarshen dakali tana kwanci. Ranar yara suna makaranta, ƙanwata ta tafi unguwa, ita kuma ba za ta bar kaza da ƙishirwa ba. Ta ɗebi ruwa a gwangwani, ta yi bisimilla a kowace matakala. Da ta kai ƙasa gwiwa ta ce sai an huta, ta zauna. Ta ce ta jira ta ji abin da za ta ji, ba ta ji komai ba sai shiru da numfashin kaza. Washegari ta koma. Kaza ta ƙyanƙyashe ta fita da 'ya'yanta, ita ba ta daina ba, kullum bayan azahar tana nan. Ita ta hana ƙanwata gaya mini, wai kada kaina ya kumbura.

Farin ciki ya cika ni har wuya. Na ce to yanzu in iska ta taso fa? Ta ce za ta shiga, in kwantar da hankalina, ita za ta riga kowa. Na kifa kai a kan sitiyari ina hamdala, don abin da nake son ji ke nan tun ran da rufin ya tashi.

Sai ta ci gaba a hankali, da muryar da take ba da labarin kasuwa. Ta ce ta gwada kwanciya ma. Ta kwanta ta gefen dama, kai a kudu, fuska a gabas, ta rufe ido. Ta ce tun tana yarinya take tsoron ƙasa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, in ta tuna sai barci ya gagare ta, yanzu kuwa tsoron ya tafi. Ta ce Allah ya yi mini albarka, na yi mata abin da ban san na yi ba.

“Saura abu ɗaya, ɗan nan,” in ji ta. “Ranar da za a sa ni a na gaskiyar, mutum ake so ya shiga ciki ya karɓa. Ba na so in sauka a hannun maƙwabta.”

Baƙin suka fito da ledoji, ɗaya ya ƙwanƙwasa gilashi yana cewa yalla, wato mu tafi. Ban buɗe ba. Na ce mata ina zuwa, da zarar an gama wasan nan ina zuwa, ko an so ko ba a so ba. Na sake maimaita mata. Na ji tana gyara zama. Ta ce to, amma kada in taho afujajan kamar wanda aka yi wa rasuwa, ita ba ta ce yau ba ne.

“Ka dai zo tun ina iya gane ka,” ta ce.